Peddinti Markandeya, Ɗan Mai Wuta a Jaka

Haihuwa da asali

An haifi Peddinti Markandeya a shekarar 1921, a ƙauyen Narsapudi da ke gaɓar kogin Godavari. Sunan mahaifinsa Subbaraya, mahaifiyarsa kuma Kanakamma, kuma zuriyarsu ce ke riƙe da ɗakin wuta na haikalin ƙauyen tun zamanin kakanni, inda magidanci da matarsa ke kula da wutar hadaya guda uku, suna zuba mata madara da fitowar rana da faɗuwarta.

A shekarar 1928 aka yi fari, noma ya lalace, haikali ya kasa ciyar da mai riƙon wutarsa. Subbaraya ya yi abin da littattafai suka halatta: ya ɗumama itacen arani guda biyu, wato itacen da ake murzawa a fito da wuta, a kan garwashi tare da karanta addu'ar da ke shigar da wuta cikin itace, ya sa su a jaka, ya tafi da iyalinsa birni neman abinci, inda ya murza itacen ya sake fito da ita. Bayan shekara biyu ya dawo. Malaman ƙauyukan maƙwabta, waɗanda ba su gusa ko'ina ba saboda gonakinsu na bakin ruwa, suka laƙaba masa Mai Wuta a Jaka, kuma da wannan suna ya rasu.

Karatu

An ɗaura wa Markandeya zaren tsarki yana da shekara takwas, ya fara haddar Veda, littattafan addininsu, a gaban mahaifinsa, daga baya aka kai shi wurin wani malami a ƙetaren kogi, inda ya shekara tara. Ya yi fice a hadda da sanin hukunce-hukuncen hadaya, sai dai abokan karatunsa ba su taɓa kiransa da sunansa ba. Idan za a ɗora girki sai wani ya ce, “Kai, ɗan Mai Jaka, ɗan zazzage mana garwashi mana.” An ruwaito cewa a waɗannan shekaru ne ya ɗauki alkawari tsakaninsa da zuciyarsa cewa in ya kafa tasa wutar, ba za ta taɓa shiga itace ba.

Aure da kafa wuta

A shekarar 1940 ya auri Suryakantam, mace mai kaifin harshe da saurin dariya, kuma a shekarar 1949, bayan rasuwar mahaifinsa, suka kafa wutarsu a ɗakin haikali. Hukuncin wannan wuta shi ne ta miji da mata ce tare. Miji yana iya tafiya ya wakilta wani ya zuba madara, amma idan rana ta fito ko ta faɗi alhali matar ta fita daga iyakar ƙauye, wutar ta ɓaci, sai dai in an shigar da ita itace an tafi da ita.

Suryakantam ce ke kwaɓa kashin shanu ta busar, ita ke rufe garwashi da ƙaiƙayin shinkafa don ya kwana. Takan ce wa maƙwabta, “Shi yana da karatu, ni ina da hayaƙi. Ku dubi idanuna ku faɗi wanda wutar ta fi sani.” Shekara goma sha biyar ba ta halarci biki ko makoki a wajen Narsapudi ba, sunan wutarsu kuma ya bazu, har masu ziyara suka riƙa zuwa daga nesa don ganin wutar da ba ta taɓa barin murhunta ba, haikali ya sami shanu da sabon rufi ta dalilinta.

'Ya'ya

Sun haifi 'ya'ya huɗu: Tulasi a 1942, Bhaskaram a 1945, Padmavati a 1950, da Anjaneyulu a 1954. Tulasi ta auri wani malamin makaranta a Kottapalem, ƙauyen da ke ƙetaren kogi, wanda ba a iya zuwa a dawo cikin yini guda, domin bayan fito akwai doguwar tafiya a keken shanu.

Daminar 1964

A daminar 1964 Tulasi ta yi haihuwarta ta biyu a gidan mijinta, zazzaɓin jego ya kama ta. Markandeya ya ƙetare ya duba ta, ya dawo da labarin cewa tana neman uwarta. Maganar da ta gudana a ƙofar ɗakin wuta ta tabbata daga bakin Padmavati, wadda ke wurin a lokacin.

Suryakantam ta ce, “Malam, ɗauko itacen nan. Mu sa wutar a ciki mu tafi, gobe mu tashe ta a can.”

Ya ce, “Zazzaɓi ne. Na ga idonta, za ta tashi.”

“Kai ta kira ko ni?”

“Ke kin san abin da za a ce.”

“Na sani. Za a ce ɗan Mai Jaka ya gaji ubansa. To ubanka da jakar ya raya ku, ba don ita ba da wa zan aura?”

Bai ɗauko itacen ba. Suryakantam tana da ikon ta tafi ita kaɗai ta bar wutar ta ɓaci, ta ɗaure kayanta har ta kai mashigi, amma da rana ta yi ƙasa sai aka gan ta ta dawo, ta wanke ƙafa, ta zauna a wurinta aka zuba madara. Markandeya ya sake ƙetarewa da sassafe da magani da ruwan kwakwa, ya tarar Tulasi ta cika kafin asuba. Aka ƙone ta a maƙonar Kottapalem, uwarta ba ta ga gawar ba.

Har yau ana saɓani a Narsapudi kan wannan al'amari. Masu kare shi suna cewa bai karya wani hukunci ba, kuma gaskiya suka faɗa. Amma hukuncin da ya kiyaye ba ya cikin littafi, domin littafi ya buɗe masa ƙofa, shi ya rufe ta da hannunsa. Tambayar da ta fi wuya, wadda ba a cika yi ba, ita ce ta Suryakantam: me ya dawo da ita daga mashigi, tsoron wutar, ko tausayin mutumin da ta san ba shi da wani abu a duniya sai wannan wutar? Ba ta taɓa faɗa ba.

Shekarun bayan haka

Sun ci gaba da hidimar wuta shekara ashirin da huɗu ba tare da fashi ba. A 1971 malaman yankin suka karrama shi da mayafin girmamawa a harabar haikali, cikinsu har da waɗanda suka tsokane shi a yarinta. Suryakantam ba ta daina raha da maƙwabta ba, amma ba a sake jin ta yi wa mijinta ba'a ba, kuma Bhaskaram ya ce mahaifinsu ya fi jin zafin wannan shirun fiye da duk wata magana. Babu ɗaya daga cikin 'ya'yansa maza da ya yarda ya kafa wuta.

Rasuwar Suryakantam

A shekarar 1988 ta kwanta ciwon ajali. Bisa hukunci, wanda ya riga rasuwa cikin ma'aurata da wutar ukun ake ƙone shi, daga nan ta ƙare. Da Markandeya ya zauna kusa da ita, sai ta ce, “Malam, ni fa a Kottapalem za a ƙone ni, inda aka ƙone yarinyata.”

Ya ce, “Wutar ba ta ƙetare ruwa a tukunya.”

Ta ce, “Ai akwai jaka. Tana cikin akwatin ubanka, ni nake kakkaɓe mata ƙura.”

Ta rasu a watan Nuwamba. A gaban jama'ar ƙauye Markandeya ya ɗumama itacen arani, ya karanta addu'ar, ya sa su a jakar mahaifinsa ya rataya a wuya, ya shiga jirgin fito tare da gawar. Waɗanda suka halarta sun shaida cewa shigar da wutar bai kai tsawon tatsar saniya ba, kuma da aka murza itacen a Kottapalem nan da nan ta kama.

Ƙarshen rayuwa

Dattawan haikali sun ba shi shawarar ya sake aure domin ya kafa sabuwar wuta, ya ƙi. Ya koma koyarwa a ɗakin da murhunansa suka huce, ya yaye ɗalibai tara, kuma ɗaya daga cikinsu, Garimella Narasimham, shi da matarsa ne suka sake kafa wuta a haikalin a 1996, wadda ke ci har yanzu. Malamai sun soki tsarin koyarwarsa, domin addu'ar shigar da wuta cikin itace, wadda bisa al'ada ake koyarwa can a ƙarshe, ita yake fara koya wa kowane ɗalibi. Idan an tambaye shi dalili yakan ce, “Wanda bai san yadda ake ɗaukarta ba, kada ya ajiye ta a gidan 'yar mutane.”

Rasuwa

Peddinti Markandeya ya rasu a Narsapudi a watan Maris na shekarar 2001, yana da shekara tamanin. Da yake ba shi da wutar kansa, an ƙone shi a maƙonar ƙauyen da garwashin da aka ɗebo daga madafin Padmavati, aka zuba tokarsa a Godavari. Jakar tana rataye a ɗakin wuta na haikali, kuma an yi amfani da ita sau biyu tun daga lokacin.

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku: Bhaskaram, ma'aikacin jirgin ƙasa mai ritaya, Padmavati, wadda ke aure a Narsapudi, da Anjaneyulu, mai sayar da magani a birni. Ya bar jikoki goma sha ɗaya, cikinsu har da macen da aka haifa a Kottapalem a daminar 1964, wadda uwarta ta nemi a sa mata suna Suryakantam.