Kujerar Censa a Makon Tarkace

Shekara shida ke nan ina riƙe da littafin kayan tsintuwa a tashar unguwarmu, tun da aka ɗaga layin dogo aka ɗora shi kan ginshiƙai. Ofishina yana ƙasa, kusa da lif. Ta tagata nake ganin Salvu Micallef kowace Alhamis da ƙarfe tara da minti biyar, yana turo matarsa Censa a kujerar guragu. Jirgin tara da kwata suke hawa zuwa asibiti, inda ake yi mata wankin ƙoda.

Salvu mutumin ƙasar Malta ne, ya zo nan birnin Melbourne yana ɗan shekara goma sha tara. Shekara talatin da takwas ya yi yana walda, kuma gidansa ne na uku daga tasha. Tun da ya ajiye aiki ba shi da abin yi sai tsince-tsince. A makon fitar da tarkace kowa yakan jibge abin da ba ya so a kan ciyawar bakin titi, duk wanda ya riga motar shara ya ɗauka. Ba a cika rigan Salvu ba. Ita kanta kujerar a can ya samo ta, ya canza tayoyi, ya faɗaɗa mazaunin, domin Censa ba ta shiga irin ta asibiti.

Wata Alhamis cikin Oktoba, ana cikin makon tarkacen, ya faɗo ofishina shi kaɗai, tara saura minti huɗu, ko hula babu.

"Noreen, an kawo miki kujera?"

"Wace kujera?"

"Ta Censa mana! Na sauke ta daga baranda, na koma in riƙo Censa, na fito babu."

"A ina ka ajiye ta?"

Ya sosa ƙeya. "Kan ciyawa."

"A wannan makon? Kai, Salvu?"

"Minti biyu fa!"

A asibitin, wanda ya wuce goma da rabi ana ba wani injin wankinsa. Na tuna na ga a-kori-kurar Gus Hanlon, wani mai tsince-tsincen, ta bi ta ƙarƙashin gadar layin dogo shaƙe da kaya. Na buɗe littafina: huɗu ga Maris, Gus ya zo cigiyar makullai, ya bar lambarsa. Na kira.

"Gus, Noreen ce daga tasha. Akwai kujerar guragu a motarka?"

"Akwai wata. Wanda ya yi mata walda kamar da ƙafa ya yi."

Salvu ya fizge wayar. "Da ƙafa? Kai, ɗan iska, tun ba a haife ka ba nake walda!"

"Au, tsoho, taka ce? Ai kai ka koya mini cewa abin da ke kan ciyawa ba shi da mai shi."

"Matata na zaune a baranda da jaka a cinya!"

"Ka ce wa Anti Censa ga ni nan."

Gus ya iso ƙofar gidan Salvu tara da minti ashirin da ɗaya, ya riga ya kwance taya ɗaya. Salvu ya durƙusa a bakin titi ya mayar da ita, Gus na riƙe masa noti. Da suka zo wucewa ta gaban tagata, Censa ta ɗago kai ta ce, "Shekara hamsin yana kwaso mini sharar mutane, Noreen. Yau an kwashe tasa."

Gus ne ya tura ta cikin lif. Suka sami jirgin tara da minti talatin da biyar, suka shiga asibiti goma da minti ashirin da huɗu. Na tambaya ne washegari, don in rufe shafin kujerar a littafina.

Alhamis ta gaba kujerar ta zo da rubutu da jan fenti a bayanta: DA MAI ITA. Salvu bai daina tsince-tsince ba. Sai dai yanzu, in ya ga abu mai taya a kan ciyawa, yakan fara ƙwanƙwasa ƙofar gidan tukuna.