Sunayen da Baba Ya Tafi da Su

A wancan lokacin ni saurayi ne mai ji da kansa, haifaffen Makka, ina da ɗan shagon gyaran waya a Rusaifa. Larabci ya fi Hausa zama a bakina, kuma in faɗi gaskiya, kunyar Hausar nake ji. Idan abokaina suka kira ni Takari cikin zolaya sai in taya su dariya, alhali abin yana yi mini ciwo.

A tsohuwar unguwarmu akwai wani ƙaramin masallaci da kakanninmu suka gina da hannunsu, su da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suna tafe suna yada zango suna noma, har Allah ya kawo su. Mahaifina ne ladanin masallacin, kuma shi ya gaji wata al'ada daga nasa mahaifin. Duk Juma'a bayan La'asar dattawa kan zauna, a zuba shayi, shi kuma ya jero sunayen mutanen ayarin nan da ka, kowa da laƙabinsa da garinsu. Kashi biyu yake yi musu. Ya fara da waɗanda suka iso suka ɗora dutsen ginin, sannan ya sassauta murya ya kawo waɗanda aka binne a hanya, ya faɗi inda aka bar kowannensu. Daga nan a shafa Fatiha. Babu inda aka rubuta sunayen nan, a kansa kawai suke.

Ni ne na fara hana shi yi a lasifika. Na ce masa mutane za su ce bidi'a ce, alhali ba addini ne ya dame ni ba, tsoron kada abokaina su ji Hausa tana tashi daga masallacinmu nake yi. Baba bai yi musu ba, ya kashe lasifikar. Daga baya, da aka fara raɗe-raɗin za a rushe unguwar don aikin faɗaɗa hanya, ya roƙe ni in zo wata Juma'a in ɗauki muryarsa a waya, tunda sana'ata ce. Na ce masa sai mako mai zuwa. Ya sake tuna mini, na ce kasuwa ta buɗe, bari alhazai su tafi. Ni da nake ɗaukar bikin kowa da wasan ƙwallon kowa, na rasa lokacin mahaifina.

Aka rushe masallacin, jama'a suka watse, wasu suka koma unguwar Zahir, mu kuma muka kama haya a unguwar Kudai. Dattawan da suke cewa amin suka riƙa rasuwa ɗaya bayan ɗaya. Ba a daɗe ba Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, harshensa ya yi nauyi. Sai a lokacin na zo da wayata na durƙusa gabansa. Ya yi ta motsa baki, hawaye na bin kuncinsa, amma ko suna ɗaya bai fito ba. A haka ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Bara lokacin aikin Hajji wani dattijo daga Najeriya ya shigo shagona, ya ce an kwatanta masa ni ne ɗan ladanin masallacin Hausawa. Ya ce kakansa ya bar gida da niyyar Hajji tun mahaifinsa yana goye, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, kuma kakarsa ta mutu tana tambayar ko mijinta ya ga Ka'aba. Da ya faɗi sunan da laƙabin, sai na ajiye wayar da nake gyarawa. Wallahi na san sunan, har da yadda Baba yake jan ƙarshensa. Abin da na kasa tunawa shi ne a wane kashi yake, cikin waɗanda suka iso ko cikin waɗanda aka binne a hanya. Zuciyata ta ce in faranta masa in ce ya iso, amma na kasa. Na faɗa masa gaskiya duka. Ya ce ba komai ɗana, ya ɗaga hannu ya yi wa Baba addu'a, ya fita. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na daɗe ina cewa masu rusau ne suka shafe tarihinmu. Yanzu na gane ginin kawai suka ɗauke, sauran ni na zubar da shi. Don haka nake roƙon duk ɗan Hausa da aka haifa a baƙon wuri, in akwai tsoho a gidanku da ya san waɗanda suka gina inda kuke sallah, ka ajiye abin da kake yi ka je ka zauna gabansa tun yana iya magana. Ni har yau duk Juma'a bayan La'asar nakan maimaita sunan kakan dattijon nan, wani lokaci da ƙarfi, wani lokaci a hankali, ko zan ji da wace murya Baba yake faɗarsa. Har yanzu ban ji ba.