Buhun da Ban Soka wa Ƙarfe Ba

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Funtua. Da dakon buhu na fara, na koma awo da tiya, har Allah ya sa na mallaki rumbuna nawa na kaina, ina sayen masara da dawa daga kasuwannin Bakori da Danja ina lodawa kudu. A lokacin da wannan abu ya faru, abin da nake tinƙaho da shi ɗaya ne, ba a cutata a ciniki. Ko buhu ɗari aka jere mini, sai na soka wa kowanne ƙarfen da muke duba hatsi da shi, sama da tsakiya da gindi, domin na san ana zuba mai kyau a baki a ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa. Hannuna kuwa sikeli ne, in na ɗaga buhu na san ko an rage.

Mahaifiyata, da muke kira Inna, tana da ciwon suga, kuma likita ya ɗora ta a kan allurar da dole a ajiye ta cikin sanyi. Ta ƙi zama a gidana na birni, ta ce ita ɗakinta na ƙauye da awakinta, can wajen Ƙarfi, inda matar ƙanena ke kula da ita. Wuta a can sai a yi kwanaki ba a gan ta ba, janareta kuma ƙararsa na hana ta sakat. Sai na yanke shawarar saya mata ƙaramin firji da batir da farantan sola irin masu naɗewa kamar jaka, a shimfiɗa su a tsakar gida da safe, a kwashe da yamma saboda ɓarayi, in kuma ta zo Funtua ganin likita a taho da su a mota.

Ban yi dogon nema ba, don ina da amini mai shagon kayan sola. Tare muka yi dako, tare muka ci tuwon Inna a akushi ɗaya, ni na yi masa babban aboki ranar aurensa. Da na faɗa masa buƙatata, sai ya ce ai Inna uwarsa ce, abin da zai ba ni ko gidansa bai sa irinsa ba. Ya fito da kwali mai faranti huɗu, ya zare na sama, ya shimfiɗa a rana, ya jona fanka, ta kama juyawa. Na ɗaga batirin na ji ya rinjayi hannuna, zuciyata ta kwanta, domin a sana'armu nauyi shi ne albarka. Duk da haka hali zanen dutse, na miƙa hannu zan zaro sauran ukun. Sai ya dafa kwalin yana dariya.

"Haba Alhaji, yau kuma ni za ka soka wa ƙarfe?"

Kunya ta kama ni. A wurinmu ba a sake awo a gaban wanda ka ci abinci da shi, zagi ne. Na janye hannuna, na ce a ɗaure a sa a mota.

Bazara ce, zafi kamar ana gasa mutum. Kwana biyar da kai kayan, matar ƙanena ta kira ni ta ce firjin sai ya yi sanyi da hantsi, kafin la'asar ya mutu, da safe kuma a tarar da cikinsa ɗumi. Na kira aminina, ya ce a goge farantan, a juya su gabas, sannan ya ƙara da cewa in bincika, mutanen ƙauye sai su tara wayoyin unguwa suna caji. Wannan magana ita ce ta shige ni. Na kira baiwar Allah nan na yi mata faɗa mai zafi, na ce tana wasa da ran uwata saboda neman suna wurin maƙwabta. Ta rantse ko wayarta ba ta jonawa, ban saurare ta ba. Daga nan ta daina kawo mini ƙara, ni kuma na ɗauka abin ya gyaru.

Mako uku bayan haka, ina kasuwar Bakori ana auna mini masara, ƙanena ya kira ya ce Inna ta faɗi bayan sallar azahar, ba ta gane kowa. A asibitin Malumfashi aka ce suga ya hau sosai, kuma da suka duba kwalbar allurar suka ce zafi ya lalata ta, kusan ruwa ake yi mata duk kwanakin nan. Ta yi kwana tara a kwance. Allah ya tashi kafaɗarta, amma har yau ƙarfinta bai dawo ba, sai an riƙe ta take zagayawa.

Na kwashi kayan na kai wa wani mai gyara a Malumfashi. Ya sa na'urar awo a kan farantan ɗaya bayan ɗaya. Na saman nan lafiya lau. Biyu ba su ba da ko rabin abin da aka rubuta a bayansu ba, na huɗun kuwa babu komai, hoto ne kawai a ƙarƙashin roba. Da ya kwance batirin, sai ga ledoji biyu na yashi an cusa a gefe. Nauyin da hannuna ya yaba ke nan. Ya tambayi inda na saya, da na faɗa sai ya ce shi da kansa ya auna wa mai shagon wannan kaya tun kafin azumi, ya gaya masa kada ya sayar wa kowa.

Na je shagon da ledar yashin, na ajiye masa a kan tebur. Ya fara cewa haka aka kawo masa, shi ma an cuce shi. Da na ambaci mai gyaran, sai ya sunkuyar da kai ya ce kaya sun yi masa kwantai, ya zaci don cajin waya da fitila za su isa. Na tuna masa cewa na faɗa masa maganin Inna ne. Ya tura mini sababbin kaya washegari, na mayar masa.

Laifinsa nasa ne, amma nawa ma ba ƙarami ba ne. Na san dabarar bakin buhu fiye da kowa, na bar kunya ta rufe mini ido, kuma na ƙaryata mace mai gaskiya don in gaskata aboki. Na je na durƙusa na nemi gafararta. Masu karatu, in za ku sayi sola, ku je da mai na'urar awo, a auna kowane faranti a rana a gabanku, a gwada batir da aikin da zai yi, kada ku duba nauyi ko rubutun kwali. Mai gaskiya ba ya jin haushin awo, wanda ya dafa kwali yana dariya shi ne abin tsoro.

Inna ba ta san komai ba har yanzu. Duk zuwan da na yi sai ta tambaye ni ina ɗanta mai shago, me ya hana shi zuwa gaishe ta. Sai in ce mata kasuwa ce ta riƙe shi.