Saƙonnin Muryar da Ban Buɗe Ba

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, ina bakin aiki ma'aikaciyar jinya ta kira ni ta ce in zo, yayata ta cika. Na Allah muke, kuma gare shi za a mayar da mu. Yaya, yau kwana tara ke nan, sai yanzu na iya riƙe alƙalami.

Kin tafi kin bar shagon guga, da ni ƙaninki, da yarinya 'yar shekara goma. Ranar Alhamis jami'ar kula da yara ta zo ta ce in ba wanda ya sa hannu cikin dangi nan da mako biyu, za a mayar da yarinyar gidan marayu. Kowa ya sunkuyar da kai, har ni.

Ke kika raine ni bayan iyayenmu, da dutsen guga a hannu. Yaran layinmu da yawa sun je makaranta da riga mai kari ba tare da iyayensu sun san wa ya goge ta ba. Allah bai ba ki haihuwa ba, mijinki kuma ya riga ki. Da kika ɗauko yarinyar nan shekara biyu da suka wuce, na yi ta faɗa. Na ce ke da kike fama da kanki, ina ke ina riƙon 'yar da ba a san asalinta ba? Ranar da ta fara ce mini Kawu, na ce mata ni ba kawunta ba ne. Kika ɗago kika ce, "Kai ma da na ɗauke ka, majina har baki, ban nemi shawarar kowa ba."

Makarantar da kika sa ta da Turanci ake komai, ita kuwa sai ta tsinci kalma ɗaya, ta tsaya, ta haɗiye yawu, ta tsinci ta gaba. 'Yan aji suna dariya, tana dawowa da kuka. Malamarta ta ce a riƙa maimaita mata shafi ɗaya a gida har bakinta ya saba. Turancinki bai wuce na takardar karɓar kaya ba, amma kika ajiye mata kujera kusa da teburin guga. Kullum ta dawo makaranta sai ki jingina waya da gwangwanin sitaci, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin layi tana karantawa, ke kina ɗaukar muryarta. In ta gama ku saurara tare. Malama kike ce mata. Ba ki taɓa cewa ta yi kuskure ba. Sai dai ki ce, "Malama, a ƙara mana, ƙarar guga ta hana ni ji."

Duk abin da kika ɗauka sai kin turo mini. Saƙo sittin da uku, kuma wallahi ko ɗaya ban buɗe ba.

Bayan jami'ar ta tafi na tarar da yarinyar ta riga ta haɗa kayanta a jaka, littafin a sama, ba wanda ya sa ta. Na koma shagonki na zauna, na buɗe saƙonnin daga farko. A na farko tana in'ina, dutsen guga yana huci, kina dariya. Wajen na ashirin na fara jin tari, kina danne shi kada ki katse ta. Wajen na arba'in babu ƙarar guga kwata-kwata, ashe tsayuwa ta gagare ki. Ita karatunta yana miƙewa, ke numfashinki yana gajercewa, duk a cikin wayar da ke aljihuna. In muka haɗu ki ce mura ce, ni kuwa na yarda don ya fi mini sauƙi. Likita ya ce da an kawo ki da wuri, da an yi wani abu. Na san kwana ne ya ƙare, amma wannan magana ta ƙi barina.

A saƙon ƙarshe ta karanta shafin daga sama har ƙasa ba ta yi tuntuɓe ba. Sai na ji ta ce, "Mama, Kawu yana ji kuwa?"

Kika ja numfashi, kika ce, "Yana ji mana. Aiki ne ya yi masa yawa."

Haba Yaya. Da ɗan numfashin da ya rage miki, asirina kike rufawa.

Washegari na je ofishin jami'ar na sa hannu. Ban yi don in zama mutumin kirki ba, kunya ce ta kai ni. Jiya na ajiye mata kujerar, na jingina waya da gwangwanin, na miƙa mata littafin. Tun rasuwarki ba ta yi magana mai tsawo ba. Ta dubi wayar ta ce, "Wa za a tura wa?" Na ce babu kowa, ni zan ji. Ta fara, sai ga in'inar ta dawo kamar ranar farko. Da ta kai ƙarshe na ce, "Malama, a ƙara mana, ban ji ba." Ta daɗe tana kallon dutsen gugan, wanda ko jona shi ba a yi ba, sannan ta mayar da yatsa layin farko.

Allah ya jiƙan ki, Yaya, ya gafarta miki, ya haskaka kabarinki, ya sa tsayuwar da kika yi a kanmu ta zama nauyi a mizaninki. Ya rufa miki asiri yadda kika rufa mini. Ina yi wa danginmu da maƙwabtanki ta'aziyya. Ta'aziyyar da ta fi nauyi kuwa taki ce, Malama, ke da kika yi maraici sau biyu. Allah ya ba ki haƙuri, ya ba ni ikon amsa sunan da na ƙi.

Kawunki.