Gashin Kazar Iya Malama

Jiya Inna tana fige kaza, iska ta kwaso gashi ɗaya ta manna mini a hanci. Ina hure shi, sai marigayiya Iya Malama ta faɗo mini a rai.

Ita ke riƙe da ajinmu na ƙananan yara masu lalura. Ni har na shekara biyar ban taɓa cewa uffan ba. Baba ya ce ƙarshen wata zai cire ni daga makarantar, wai bebiya ba ta karatu.

Iya Malama ba ta taɓa matsa mini in yi magana ba. Gashin kaza take jera mana a tabarma, mu kwanta rub da ciki mu yi tseren hurawa, tana bin mu da rarrafe, tana ƙamshin man zafi. Kajin unguwarmu in sun hango ta, don tsoron figa, sai sun ƙetare gada sun kai garin Gaya suke tsayawa.

Ranar da Baba ya zo tafiya da ni, gashina yana gab da cinye tseren. Sai ta danne shi da yatsa, tana kallon rufi. Na hura, na hura, har na ga taurari.

"Saki!" na daka mata tsawa.

Baba ya zauna dirshan a ƙasa.

"Alhaji, bebiyarka har umarni take bayarwa," in ji ta. "Gobe a kawo mini ita da wuri."

Tun ranar ban yi shiru ba. Inna kan ce marigayiya ta kunce famfo ta tafi da makullin.

Allah ya sa makwancinta ya fi gashin nan laushi.