Kishina da Maruƙan Baba

Shekara ashirin da tara ke nan da aka kai Baba makwancinsa a Daudawa. Na yi ritaya daga koyarwa, na yi jikoki, amma har yau in na ga mutum yana shafa wuyan maraƙi sai wani abu ya tokare mani ƙirji. Kishi ne, ba shi da wani suna. Ku yi dariya in kun ga dama.

Ni ce 'yar farinsa. A wajenmu, a wancan zamani, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya san da zamansa. Kunya ake ce wa abin. Sunana Hadiza, amma a bakin Baba ni "ke" ce, in kuwa da wani yake magana, "ɗiyar nan". Da haka yake da kowa, da na haƙura. Amma mutumin nan kowane maraƙi da sunan da ya raɗa masa! Akwai Gajera, akwai Mai Rigima, sai kuma 'yar gaban goshinsa, Tauraruwa, wata jar maraƙa mai farin tabo a goshi. Da asuba zai tsuguna a gabanta yana cire mata kaska yana cewa, "Kin kwana lafiya? Wa ya taɓa mani ke?" Ni ina gefe da tulun ruwa a ka, ko kallo ban ishe shi ba.

Lokacin kuɗin fetur ne, kowa ya samu kwangila sai ya nemi abin da zai nuna. Wani Alhaji ɗan Ƙanƙara ya kewaye daji da waya tsakanin Faskari da garinmu, ya zuba shanu, ya ɗauki Baba ya shugabanci makiyayansa. Baba yana da nasa 'yan shanun a bayan gida, maruƙansu a ɗaure a dangwali, igiyar nan da ake jera su a jiki. Duk shekara, da damina ta ja baya, malaman dabbobi sukan zo da mota da akwatin sanyi. A yi wa maruƙa allurar rigakafin cutar bushiya da ta harbin daji, a ɗura musu maganin tsutsar ciki da kwalbar lemo, a tsaga kunne don shaida. Sau ɗaya suke zuwa, kuma ba sa jira, don in rana ta take maganin lalacewa yake. Na Alhaji ake fara yi, in an gama Baba ya koro nasa.

Shekarar da na ci jarrabawar makarantar horon malamai ta mata a Katsina, ranar tafiyata ta faɗa daidai ranar allura. Ban taɓa wuce Funtuwa ba. Abu ɗaya nake so a duniya: Baba ya raka ni tasha, ko da ba zai ce komai ba. Na faɗa wa Gwaggo Lami, ƙanwarsa, wadda a ɗakinta na girma. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ke Dije, rufa mana asiri! Yaya ne za shi raka ɗiyar fari tasha, gari na kallo? Ni dai zan kai ki."

Duk da haka na bi ta wajen shanun in yi sallama, da sabon takalmina cikin kashin shanu. Na same shi ya matse kan wani maraƙin Alhaji a hammata, ya tura masa kwalba a gefen baki, yana lallashi: "Haɗiye, ɗan kirki, haɗiye, an kusa." Na durƙusa na ce, "Baba, zan tafi." Bai ɗago ba. Ya ce, "To. Allah shi tsare." Sai ya juya ya ce da makiyayi, "Kawo na gaba, a hankali, kar ka murɗe mashi wuya." Wallahi a ranar da za a ba ni zaɓi, da na zama maraƙin nan. Har muka kai tashar Faskari ina kuka, Gwaggo na ta yi mani faɗa wai ina ɓata kwalli.

Da na dawo hutu na tarar dangwalinmu ya yi gibi. Harbin daji ya shigo bayan kaka, ya ɗauke uku cikin maruƙan Baba, har da Tauraruwa. Na Alhaji ko ɗaya bai faɗi ba. Mutane suka yi ta mamaki, ya za a yi mai riƙe wa wasu maruƙa a yi musu allura a ce nasa ba su samu ba? In an tambaye shi sai ya ce, "Haka Allah ya so." Ya rame, ya rage magana. Ni kuwa abin ya ƙara ci mani rai. Na ce a zuciyata, ka ga, maraƙa ta mutu yana zaman makoki, ni na yi wata da watanni a wani gari ko saƙon gaisuwa babu.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Wayar da Alhaji ya kewaye daji da ita an daɗe da kwashe ta. Shanun da suka rage daga nan har Sabuwa da Damari ɓarayin daji sun kore mafi yawansu, mai sauran biyu ko uku a tsakar gida yake kwana da su. Motar malaman dabbobi an manta kamanninta, kowa ya sayo allura a kasuwa ya soka da kansa. Wannan zai ƙona masa rai. Amma na fi son in ga fuskarsa in ya ga ɗana, wanda ke saɓa 'yar farinsa a wuya yana zagaya unguwa, yana kiran sunanta kamar mai talla, hotonta ne ma a fuskar wayarsa. Baba zai ce duniya ta lalace. Ni kuwa in na gan su sai in kau da kai, don ita ma 'yar jikar tawa kishinta nake.

Sai ranar sadakar arba'in ɗin Baba Gwaggo Lami ta ja ni ɗaki, ta tsufa tukuf, ta ce, "Yanzu da ba shi, bari in sauke kayan da ya ɗora mani. Ranar da na kai ki tasha, kina can kina sharɓar hawaye, na hango shi bayan ɗorawar nan ta bakin kasuwa, riƙe da kekensa, rigarsa duk maganin tsutsa. Ana gama na Alhaji ya hau keke ya biyo mu. Yana tsaye har motarku ta cika ta tashi. Kafin ya koma masu allura sun gaji da jira sun wuce Sabuwa, nasa na ɗaure a dangwali. Ya ce in na faɗa wa kowa ba ni ba shi."

Na ce, "Gwaggo, ya san za su wuce?"

Ta ce, "Shi da ya shekara nawa yana aiki da su?"

Abin da ya rage mani na Baba ke nan. Shanu sun ƙare, dangwalin ma gara ta cinye. Na san yanzu da aka zo zaɓi ni ya zaɓa, kuma Tauraruwa ce ta biya. Ina yi masa addu'a kowace salla, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Amma kada wanda ya ce mani kishin ya wuce. Ita ta san tafin hannunsa, ta ji sunanta a bakinsa kowace safiya har ta mutu. Ni ina cikin mota, tsakanina da shi bai fi jifa ba, kuma bai fito daga bayan itacen ba.