Atamfar Da Na Ce Shi Ya Aiko

Ina gaishe ku ma'aikatan wannan mujalla da masu karanta ta, kuma ina roƙo a sakaya sunana. A shekarun da zan ba ku labari, ni tela ce a wani lungu kusa da Ƙofar Marusa a nan Katsina, ina da keken ɗinki a tsakar gida da 'yata guda ɗaya. Da za a ce a nuna mace mai girman kai a unguwarmu, ni za a fara nunawa. Ba na raina kowa, amma ko yunwa za ta kashe ni sai na shafa hoda na fito ina murmushi. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta hore mu da cewa kada maƙwabta su taɓa sanin abin da ke cikin tukunyarmu. Na riƙe horon nan fiye da yadda ita kanta ta nufa.

Mijina bakanike ne, auren soyayya muka yi, kuma ba zan yi masa sharri ba, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Da aiki ya ja baya a gareji, abokai suka cika masa kunne da labarin Libiya, ya ce mini wata shida kawai zai yi. Ya sayar da kayan aikinsa ya yi guzuri, ya bi ta Maraɗi, ya kira ni daga Agadas, ya sake kira sau biyu bayan ya shiga can, daga nan layin ya daina shiga. Yarinyar tana da wata tara a lokacin. Gidan haya muke ciki, ba shi da gona, ba shi da ko akuya da za a ce ya bar mana.

Da ƙaramar Sallah ta matso, mata suka fara tambayata ko maigida ya yi aike. Tambayar ta riƙa sukata. Sai na tattara abin da na samu a ɗinkin Sallah, na shiga kasuwa na sayo atamfa turmi biyu, na ɗinka ɗaya na saka, na ce shi ya aiko ta hannun wani direba. Ɗayan na kai wa mahaifiyarsa, wadda nake kira Inna, na durƙusa na ce ga saƙon ɗanta. Har gaisuwa na haɗa masa. Na ce ya ce a tambayi ciwon gwiwarta, a tambayi kajinta, a ce ta ci gaba da sa masa albarka. Inna ta karɓa ta yi ta addu'a. Daga ranar abin ya zame mini jiki. Kowace Sallah sai na kai mata atamfa da sabuwar gaisuwa, in na sayi shinkafa kuwa sai na bari dillaliyar unguwa ta gani, don na san kafin la'asar labari ya kai kowane gida. Ina ɗinki har bayana ya riƙe, yabon kuma yana tafiya ga mutumin da ban san ko yana raye ba.

Kuskurena na biyu a gidan biki na tsince shi. Na ji wasu dattijai mata suna cewa matar da mijinta ya ɓata, in ta yi shekara huɗu, igiyar aure ta faɗi da kanta. Ban tambayi malami ko ɗaya ba, don tambaya tana nufin in yarda cewa ya ɓata. Na koma ɗaki ina ƙirga shekaru ni kaɗai. A ta biyar wani malamin makaranta da matarsa ta rasu ya aiko yana nemana, mutum mai natsuwa, kuma zuciyata ta karkata gare shi. Na samu baffana, ƙanen mahaifina, na gaya masa gaskiya a karon farko. Ya yi mini faɗa sosai, sannan ya tafi wajen wani liman abokinsa a Gobarau don a sa rana. Ya dawo jiki a sanyaye. Liman ya ce masa ni matar aure ce har gobe, kuma duk wanda ya ɗaura mini wani aure a haka, ɓatacce ya ɗaura. Ya ce shekara huɗun nan gaskiya ce tana cikin littafi, amma ba daga ranar da miji ya fita ake ƙirgawa ba, sai mace ta kai maganar gaban alƙali an yi cigiya an rasa shi. Shekaruna biyar na zaman jira, ko kwana ɗaya bai shiga lissafi ba. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da layin mijina ya mutu.

Baffa ya ja ni muka tafi kotun shari'a. Ni da nake ganin zuwa kotu abin kunya ne ga 'yar mutunci, na lulluɓe har ido kada wata mai kawo mini ɗinki ta gane ni. Alƙalin dattijo ne mai magana a hankali. Da ya gama saurarona sai ya yi mini bayanin da ya kamata in nema tun shekarar farko. Ya ce saki a hannun miji yake, hul'i kuma shi ne mace ta fanshi kanta in mijin yana nan. Amma akwai auren da alƙali ke warwarewa ko miji bai so ba. Wani tun asali bai ɗauru ba, kamar wanda aka ɗaura cikin idda, ko aka gano ma'auratan sun sha nono ɗaya. Wani kuma ya ɗauru, amma mace tana da haƙƙin a raba, kamar in an ɓoye mata wani babban aibi, ko ana cutar da ita, ko miji ya daina ciyar da ita. Ya ce jiran shekara huɗu na wadda miji ya bar wa abin da za ta ci ne. Wadda aka bari hannu rabbana ba a ce ta zauna da yunwa ba, in ta tabbatar da haka ana ba da ɗan wa'adi, a yi cigiya, a sallame ta. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Ya ce in kawo shaidu biyu maza da suka san zamana.

Muka zo da maƙwabcinmu na jikin katanga da mai shagon bakin layi, mutanen kirki masu tsoron Allah, kuma tsoron Allahn nan ne ya kusa hallaka ni. Alƙali ya tambayi na farko ko mijina yana aike. Ya ce ƙwarai kuwa, matarsa ta sha gaya masa kayan Sallar da mijina yake turowa. Na biyu ya ce shi da kunnensa ya ji na ce shinkafar da ake sauke mini daga maigida take. Babu wanda ya yi mini ƙarya a cikinsu, abin da na shuka musu a kunne suka maimaita. Alƙali ya cire tabarau ya dube ni, ya ce baiwar Allah, wace maganar taki za a ɗauka, ta unguwa ko ta kotu? Na so ƙasa ta tsage in shige. A gaban maƙwabtana da baffana na buɗe baki na ce shekara biyar ƙarya nake yi. Ya ce ya ji, amma ba zai raba auren mutumin da ba ya nan a kan maganar da mai ita ta riga ta ƙaryata da bakinta ba. Ya ɗage zama ya ce in nemo wanda ya san gaskiya, in ba haka ba sai dai a koma kan shekara huɗu.

Kwana uku ban taka keke ba. A na huɗu da hantsi na ɗauki mayafi na tafi gidan Inna, ba don neman shaida ba, don kada ta ji a bakin duniya. Na same ta tana tsince wake. Na durƙusa na ce mata duk atamfofin nan ni na saya, duk gaisuwar nan ni na ƙaga, ɗanta bai aiko da ko kalma ɗaya ba. Ina jiran ta fashe da kuka ko ta kore ni, sai ta ci gaba da tsintar wakenta. Can ta ce ai ta sani tun Sallar farko. Ta ce ita ta haife shi, kuma tun yana yaro gaisuwarsa ba ta wuce ina kwana ya miƙe, yaushe ya koyi tambayar gwiwa da kaji? Ta ce ta yi shiru ne don ta ga ina rufa wa ɗanta asiri, ita ma sai ta rufa mini nawa. Ashe shekara biyar muna zaune tabarma ɗaya kowa tana lallaɓa 'yar'uwarta da ƙarya. Muka yi kuka, muka yi dariya, sannan ta tambaye ni ranar da za a koma kotu.

Na san abin da zuwan nan zai ci mata. Ta tsaya a gaban jama'a ta yarda cewa ɗanta ya tafi bai waiwayo ba, kuma ta sake ni da hannunta in tafi wani gida. Duk da haka ranar zama sai ga ta a keke napep, tana dogara sanda, tare da wan mijina. Ta gaya wa alƙali cewa ni 'yarta ce, ni na ciyar da kaina da jikarta, har ita tsohuwar na tufatar. Wan mijina ya shaida cewa ƙanensa bai bar komai ba, kuma babu saƙon da ya taɓa biyowa ta hannun dangi. Baffa ya kawo mai shagon atamfa, wanda ya ce ya san ni sarai, don duk Katsina babu mai ja masa ciniki kamata. Har alƙali sai da ya murmusa. Aka ba da wa'adi, aka yi cigiya a rediyo, aka aika wa mutanen da suka tafi tare, babu labari. Da wa'adi ya cika na yi alwala na dafa Alƙur'ani na rantse cewa bai bar mini komai ba, bai aiko ba, ban kuma yafe masa ciyarwa ba. Alƙali ya raba auren, ya ce in fara idda daga ranar. Na fito daga kotun nan fuskata a buɗe, na gaishe da duk wanda na sani a hanya.

Malamin makarantar nan ya jira har na gama idda, aka ɗaura mana aure halal ɗinsa, limamin da ya ƙi ɗaurawa da farko shi ya ɗaura. Yanzu ina da shago da 'yan mata masu koyon ɗinki, 'yata tana makaranta, kuma duk Juma'a muna gidan Inna. Uban 'yata har yau shiru. Ina yi masa addu'a in yana raye Allah Ya dawo da shi ga mahaifiyarsa, in ya rasu Allah Ya yi masa rahama.

Abin da na koya shi ne rufin asiri yana da iyaka, kuma ni na wuce ta har na kusa ɗaure kaina da hannuna. Shari'a ba ta manta da mace irina ba, ni ce na ƙi zuwa in tambaya. 'Yar'uwa, in kina cikin irin halin da na shiga, kada ki ɗauki hukuncin aurenki daga hirar gidan biki, kada kuma ki yarda a ɗaura miki wani auren alƙali bai warware na farko ba. Ba sai kin yi shela a titi ba, amma ki samu mutum biyu masu amana su san gaskiyar zamanki, don ranar da za ki buƙaci shaida abin da kika gaya wa mutane shi za su faɗa. Ki je kotu tun da wuri. Shekarun da kika ƙirga ke kaɗai a ɗaki, babu wanda zai dawo miki da su.